Ɗakin da muka ɗora kan amalanke

  Tun da labarin amalankenmu mai ɗaki ya fara yawo, saƙo bai yanke mana ba. Wasu na tambayar nawa muka kashe, wasu na tambayar ko da gaske da soso da yadi aka yi shi, wasu kuma cewa suke mun zubar da kuɗin mata a kan abin wasan yara. Shi ya sa muka ce bari mu rubuta komai wuri ɗaya, yadda wadda ta yi yaƙi da jahilci za ta karanta wa sauran ranar zubi.

Mu mata 30 ne, a wani ƙauye cikin jihar Maradi. Muna bin tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a nan Maradi a 1991: akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, zubi kowane mako. Kowace mace tana zuba dala 100, sannan ta ƙara dala 10 a asusun taimako, wanda muke taɓawa in an yi rashin lafiya ko rasuwa ko gobara. Shekara huɗu da suka wuce muka sayi jaki da amalanke da ribar ƙungiya. Yana kai taki gona, yana kwaso damman hatsi, yana ɗebo ruwa. In dare ya yi wa mace da naƙuda kuma, shi ne motarmu.

Abin da ya dame mu

Daga garinmu zuwa CSI kilometir 14 ne, kusan duka rairayi. Tun 2006 gwamnati ta ce awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma hanya ba kyauta ba ce. Kabu-kabu ba ya ɗaukar mace mai naƙuda ba tare da ya wahalar da ita ba. Mota kuwa sai an kira, sai an jira, sai an biya mai. Saura amalanke.

Duk wadda ta taɓa raka haihuwa a kan amalanke a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ta san abin da muke faɗa. Mutum biyu na riƙe da zane a sama don inuwa, iska na fizge shi, ƙura na shiga ido. In damina ce, ruwa ya same ku a fili. Amma abin da ya fi zafin rana shi ne ido. Amalanke zai ratsa ƙauye uku kafin ya isa. Maza na zaune bakin masallaci, yara na bin ku a guje, ita kuwa tana murƙususu kowa na kallo. Mun zauna da ƴan matanmu masu cikin fari mun tambaye su dalilin da suke ɓoye naƙuda har sai ta yi nisa. Amsar ɗaya ce: kunya. Wata ta ce mana, “Inna, gara in mutu cikin ɗaki da a bi da ni ta kasuwa ina kuka.”

Ma'aikaciyar haihuwa ta sha gaya mana cewa kada rana ta faɗi sau biyu a kan mace mai naƙuda. Doguwar naƙuda ita ke kawo yoyon fitsari, ita ke kashe ɗa a ciki. A garinmu akwai mace biyu masu yoyon fitsari, duka biyu a haihuwar fari suka same shi. Ba labarin rediyo ba ne, ɗiyanmu ne. To in kunya ce ke sa jinkiri, sutura ma magani ce. Daga nan maganar yi wa amalanke ɗaki ta taso.

Mun duba hanya uku. Mai walda ya ce zai yi mana da ƙarfe da kwano. Mun san kwano da rana: tanda ne, ga nauyi da zai ƙara wa jaki a cikin rairayi. Kafinta ya ce katako, kuɗin ya fi ƙarfinmu, nauyin ma haka. Tsofaffinmu suka ce a lanƙwasa itace a rufa zana da tamfol kamar rumfa. Wannan ya fi araha, amma tamfol na yagewa, ba ya tare zafi, kuma guguwar farkon damina ba ta barinsa.

Inda dabarar ta fito

Ɗan ma'ajiyarmu yana karatu a jami'ar Maradi. Da ya zo hutu ya ji muna wannan magana, ya ce, “Inna, ku tsaya in gwada muku wani abu.” Ya buɗe salula ya nuna mana yadda wasu mutanen Amurka ke gina ƙaramin ɗakin kwana mai taya biyu, su ɗaura shi bayan mota su tafi yawon hutu, in dare ya yi su kwana a ciki. Ya bayyana mana cewa irin waɗannan ɗakuna sun fara tun shekarun 1930, suka yawaita bayan yaƙin duniya na biyu da ya ƙare a 1945. Galibi faɗinsu metir 1 da santimetir 20, tsawo metir 2 da santimetir 40, mutum biyu ke kwana, ga ɗan madafi a baya. Siffarsu kamar ɗigon hawaye ce, gaba da tudu, baya ya zube, don iska ta riƙa zamewa.

Da katako da ƙarfe aka saba yinsu. Daga baya masu ƙananan motoci da ƙaramin aljihu suka koma yin bangon da soso mai tauri, irin wanda ake sa wa gidajensu don tare sanyi, mai kaurin santimetir 5. Su shafa masa gam ɗin katako, wanda da yawa cikinsu ke amfani da mai suna Titebond II, su manna yadin auduga mai kauri, in ya bushe su bi shi da fentin bango sau da yawa. Su da kansu suna yi wa wannan rufi kirari da na talaka, don masu hali wani abu mai tsada suke sawa. Rashin nauyinsa ya kai har wasu da keke suke jan nasu.

Su don shaƙatawa suke yi, mu kuwa buƙatarmu daban. Abin da muka ɗauka daga wurinsu dabarar ce: bango marar nauyi, mai tare zafi, wanda ba ya son walda ko injin, sai wuƙa da buroshi da haƙuri. Yaron ya ƙara mana da cewa rufa abu da yadi tsohuwar sana'a ce, don jirgin saman da ƴan uwan nan Wright suka tayar a 1903, fikafikansa yadi aka rufa musu.

Wata tsohuwa cikinmu ta yi dariya ta ce, “Soso da tsumma? Ai ko akuya ta jingina sai ya karye.” Gaskiyarta rabi. Soso shi kaɗai, in kin lanƙwasa shi, sai ya tsage. Yadi shi kaɗai ba ya tsayuwa. Amma in yadi ya manne masa ciki da waje, duk lokacin da bango zai lanƙwasa sai yadin ɗaya gefen ya miƙe ya ƙi, soso kuma ya hana yaduddukan biyu haɗuwa. Mun gane wannan da sauri don mun san gini: laka ita kaɗai tana tsagewa, ramno shi kaɗai iska ke kwashewa, in an cuɗa su sai su zama katanga. Fentin kuma aikin makuba yake yi a daɓe, ya toshe ƙofofin da ruwa zai bi.

Gwaji kafin a taɓa akwati

Dokarmu ce ba a fitar da kuɗi a kan ji. Muka roƙi farin soson da ke zuwa cikin kwalin firigo da talabijin, wanda mu soson kula muke ce masa, masu ilimi kuma polistiren. Ku lura, ba soson katifa ba ne. Na katifa yana shan ruwa, ba ya tsayuwa. Wannan kuwa mai tauri ne, kusan kashi 98 cikin 100 na jikinsa iska ce a kulle, shi ya sa ba shi da nauyi kuma zafi ba ya ratsa shi da sauri.

Muka yi ɗan akwati kamu biyu da shi, muka manna masa akoko, muka yi fenti. Bayan mako ɗaya muka yi masa jarrabawa huɗu a gaban kowa. Mace ta zauna a kai, bai lotsa ba. Muka zuba masa ruwa bokiti uku, ciki a bushe. Muka sayo ƙanƙara ƙulli biyu da hantsi, ɗaya cikin akwati, ɗaya ƙarƙashin kwano: ta kwano ta zama ruwa kafin azahar, ta akwati har la'asar da sauranta. Ta huɗu ita ce ta tsoro. Yaron ya ɗiga man fetur a kan gutsuren soso, muna kallo ya narke kamar sukari a shayi. Ya sa wa wani gutsure ashana, ya kama nan take da baƙin hayaƙi mai wari. Daga nan muka san abokan gabansa: fetur, gam ɗin masu gyaran takalmi, fentin mai in ya taɓa soso kai tsaye, da wuta.

Gardamar kuɗi

Da aka yi lissafi, aikin zai ci jika 130. Asusun taimako na iya ba da jika 70 ba tare da ya ƙafe ba. Sauran jika 60 sai dai a cire daga ribar da za a raba ƙarshen zagaye, wato kowace mace ta bar jika 2. Wadda ba ta cikin asusu za ta ce jika 2 ba komai ba ne. Mu mun san zubin mako huɗu ne, kuma jarin ƙosan wata ke nan.

Zama uku muka yi a kan maganar. Mata bakwai suka ƙi. Ba don mugunta ba, hujjarsu mai ƙarfi ce. Ɗaya ta ce, “Yaya, ni na gama haihuwa, ɗiyata na aure a Tasawa. Kuɗin da munka tara don sana'a ne, ba mu ne gwamnati ba.” Wata ta ce in abin ya lalace a damina ɗaya, wa zai biya? Wata kuma ta ce maza ke da alhakin kai matansu likita, in muka ɗauke musu wannan, gobe wani za su sauke mana.

Ba mu rufe bakin kowa ba. Abin da ya juya zaman shi ne maganar tsohuwar ungozomarmu. Ta ce ita ta karɓi haihuwar rabin matan da ke zaune a wurin, kuma ta wanke gawar waɗanda ba su kai ba. Ta ce, “Wadda ta gama haihuwa ba ta gama jikoki ba.” Sannan sakatariya ta kawo shawarar da ta kwantar da hankali: ɗakin ya zama mai cirewa, don amalanke ya ci gaba da aikin gona, kuma a riƙa ba da hayarsa ranar biki don ya mayar da kuɗinsa. Game da maza, muka yanke cewa mijin mai naƙuda ko ƙaninsa ne zai kora jaki, kuma shi zai ba shi dusa in an dawo. Aka ɗaga hannu, 26 suka yarda, huɗu suka tsaya a kan bakansu. Jika 2 ɗinsu ma an cire, don haka dokar ƙungiya ta ce, amma mun rubuta cewa kuɗin haya na farko su za a fara mayar wa.

Yadda muka gina shi

Ga abin da muka saya: farantan soso masu kaurin santimetir 5 daga masu kayan gini, jika 35, yadin tanti na auduga don waje da akoko don ciki, jika 22, farin gam na kafinta, jika 14, fentin ruwa na bangon waje, jika 18, katako da ƙusoshi masu noti da maratayan ƙofa, jika 19, ladan kafinta, jika 10, katifa mai rigar leda, jika 12. Wannan farashin lokacinmu ne da kasuwarmu, ku tambayi naku.

Ɗakin tsawonsa metir 2, faɗi metir 1 da santimetir 20, tsayi ma haka. Mai naƙuda ta kwanta, mace ɗaya ta zauna gefenta. Da muka lissafa bango huɗu da rufi, soson bai wuce rabin metir kubik ba, nauyinsa wajen kilo 10. Katakon ƙasa ne ya fi komai nauyi.

Kafinta ya yi mana gindin katako daidai bakin amalanke, da madogaran ƙofa da na taga biyu. Wannan dole ne, domin ƙusa ba ta kama soso. Duk inda za a rataya wani abu, sai an binne katako a wurin. Daga nan aikin ya dawo hannunmu. Da wuƙar yankan albasa muka yanka soson, muka haɗa kusurwa da kusurwa da gam, muka soke su da tsinken tsire don su tsaya. Gam tsakanin soso da soso yana jinkirin bushewa don iska ba ta shiga, sai muka ba shi mako guda cif. Rufin mun ɗan karkata shi baya don ruwa ya gangara.

Bayan haka muka goge kowace kusurwa da takardar yashi har ta yi kwana kamar bakin ƙwarya, domin yadi ba ya kwanciya a kan kaifi. Fuskar soson ma muka kankare ta kaɗan, muka tsattsaga mata ƙananan huji da cokali mai yatsu, don gam ya samu wurin kamawa.

Yadin sai da muka wanke shi muka shanya. Sabon yadi yana da sitaci da ke hana gam shiga, kuma yana tsukewa in ya ji ruwa, gara ya tsuke a kan igiya da ya tsuke a kan bango. Dole ya zama na auduga. Tamfol na leda gam ba ya kama shi ko kaɗan.

Ranar manna yadi da asuba muka fara, ƙarƙashin bedi, don in rana ta ɗaga gam yana bushewa kafin a shimfiɗa. Mace biyu na shafa gam kamu-kamu, biyu na shimfiɗa yadi, biyu na bi da sakaina suna gogewa daga tsakiya zuwa baki don iska ta fita. Mun fara da ciki, sannan bangon waje, rufi a ƙarshe, yadinsa ya sauko ya hau kan na bango da faɗin tafin hannu, yadda jinka ke sauka kan ɗaki. Ƙasan bango kuma yadin ya naɗe har ƙarƙashin katako, don kada a bar soso tsirara ko da ɗan yatsa. Da ya bushe muka sake bin yadin da gam mai ruwa-ruwa har ya ƙoshi.

Gam ɗin da Amurkawa ke sawa yana jure ruwa. Namu na kasuwa ba ya jurewa in ya daɗe a jiƙe, don haka duk amanar tana kan fenti. Sau biyar muka shafa a waje, kowane sai na baya ya bushe, har zaren yadin ya daina nunawa. Fari muka sa don yana mayar da hasken rana. Tagogin muka sa musu ragar sauro da labule, ɗaya dama ɗaya hagu, don iska ta ratsa. Ɗakin soso in an rufe shi ruf, numfashin mutum biyu ma ya isa ya dumama shi. Tsakanin gindin ɗaki da amalanke muka jera yankan tsohuwar taya don rage jijjiga, aka ɗaure da ƙusoshi huɗu masu noti. Abu marar nauyi iska ke fara ɗauka, igiya kaɗai ba ta isa ba.

Duka aikin kwana 24 ya ci, yawancinsu jiran bushewa. Ranar ɗorawa mata huɗu suka ɗaga shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wannan jinkar hannu takwas sun ishe ta.

Bakin mutane

Da muka fito da shi fari fat, kafin la'asar gari ya sa masa suna: makara. Wani ya ce matan asusu sun sayi akwatin gawa tun kafin a mutu. Kada ku raina irin wannan magana. In suna ya kama, babu mai cikin da za ta shiga, kuɗinmu ya tafi a banza. Muka sayi ƙaramin gwangwanin shuɗi da na kore, ƴan matan da suka iya lalle suka zana masa zane irin na ƙwarya a gefe da gefe. Sannan muka yanke cewa tafiyarsa ta farko ba ta ciwo za ta zama ba. Ɗiyar ɗaya daga cikinmu za a kai ɗakin miji a ƙauyen gaba, muka ba da shi kyauta. Aka shimfiɗa zannuwa, amarya da babbar ƙawa suka shiga, ana guɗa ana rakiya. Tun ranar sunansa ya koma ɗakin amarya. Yanzu in mai ciki ta shiga, wanda ke bakin hanya bai san ko biki za ta ko awo ba, kuma abin da muke nema ke nan.

Dokokinsa

Mun rubuta su a littafin ƙungiya. Haihuwa da rashin lafiya kyauta ne ga kowa a gari, ƴar ƙungiya ko ba ƴar ƙungiya ba. Biki jika 2. In akwai mace a gari da cikinta ya shiga wata tara, ɗakin ba ya kwana a waje ko nawa za a biya. Ba a shiga da garwashi ko fitilar kananzir ko turaren wuta, sai fitilar sola. Ko ba don soso ba, garwashi cikin rufaffen wuri yana kashe mutum yana barci. Ba a ɗaukar jarkar fetur a ciki. In an dawo daga haihuwa a wanke katifa da ruwan jabel. In ba a aiki da shi, a ɗora shi kan duwatsu cikin rumfa, don gara da ɓera suna huda soso, kaji kuma in sun ga inda ya fito sai sun tsattsage shi. Kafin kowace damina a ƙara fenti.

Abin da muka gani

Yau wata 15 ke nan, ya ci damina ɗaya da bazara biyu. Littafinmu ya nuna tafiya 11 ta haihuwa, 9 ta marasa lafiya, yawanci yara masu zazzaɓin sauro, da biki 13, ban da na farko da muka ba da kyauta. Kuɗin haya jika 26. Mun mayar wa mata huɗun nan jika 8 ɗinsu, muka sayi fentin bana, saura yana cikin akwati. Kuɗinsa bai dawo ba tukuna, kuma da wannan tafiya zai ɗauki shekaru. Wadda ke neman sana'ar riba ta sayi injin niƙa.

Ƙahon sa ya taɓa huda bango. Muka cusa gutsuren soso, muka manna ƙyalle, muka yi fenti, aikin yini ɗaya. Ruwa bai taɓa shiga ta rufi ba. Da tsakar rana ciki ba sanyi ba ne, amma kamar gindin itace yake, bango ba ya ƙona hannu.

Cikin haihuwa 11 ɗin, takwas a CSI suka sauka lafiya. Ɗaya a hanya ta haihu, cikin ɗakin, ita da ungozoma, labule a sake, mai jaki ya koma gefe ya ba da baya. Biyu an wuce da su Maradi da mota. Ɗaya ta dawo da ɗanta. Ɗaya ta dawo ita kaɗai, Allah bai raya abin da ta haifa ba. Mun faɗi wannan don kada wata ta ɗauka ɗakin soso asibiti ne. Jaki jaki ne, kilometir 14 cikin rairayi awa uku ne. In an ga jini ko jijjiga ko hannun ɗa ya fito, a kira mota tun daga gida, amalanke ya tare ta a hanya.

Canjin da ya fi faranta mana rai ba ya cikin littafi. Ƴan mata masu cikin fari sun fara aiko wa ungozoma tun ciwon baya na farko. Ɗaya daga cikin huɗun da suka ƙi, surukarta ce ta bakwai da ɗakin ya ɗauka. Har yau tana cewa wannan aikin hukuma ne ba na asusu ba, kuma ba mu ce ta yi ƙarya ba. Mun kai maganar hanya da motar ɗaukar marasa lafiya gaban magajin gari, za mu sake kaiwa. Kafin a amsa mana, ciki ba ya jira.

Ga ƙungiyar da ke son gwadawa: ku fara da ɗan akwati, kowa ta taɓa da hannunta. Ku tambayi ƴan matanku abin da ke hana su tafiya da wuri, wataƙila naku dalilin ba irin namu ba ne. In garinku na bakin kwalta kuma adaidaita na shigowa, ku ajiye kuɗinku a asusun mai. Ku yi aikin da rani, ku gama gardamar kuɗi kafin a yanka soso, kuma ku rubuta dokar wuta kafin tafiyar farko. Wadda ke son gani da ido ta aiko ta hannun masu wannan jarida, ranar zubinmu Laraba ce, tabarma na nan.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya sa albarka a akwatunanmu. Ku gaida mata.